Ruwan Wankan Baƙi

"To ina ruwan yake tafiya? Abin da na tambaye ka ke nan, Auta. Ban tambaye ka ko simintin ya yi kyau ba."

"Yaya, ruwan datti ne fa. Yana tafiya inda ruwan datti yake tafiya."

"Ina ne can ɗin?"

"Ƙarƙashin ƙasa. An haƙa rami a bayan katanga, an ja bututu, an rufe. Sokawe ake ce masa. Duk gidan da ya amsa sunansa gida yanzu..."

"Na san sunansa. Ba daga kan bishiya aka tsinko ni ba."

Suna tsaye ne a bayan banɗakunan ɓangaren baƙi, rana ta take, ita ko jakarta ba ta ajiye ba. Saukarta ke nan daga motar haya, bayan 'yan kwanakin da ta yi a birni ana duba mata ido. Shi Autan ne ya matsa mata ta je, shi ya nemo likitan, matarsa kuma ta riƙe ta a gidansu har da yanka mata kaza. A lokacin ta ji daɗi, har ta sa masa albarka. Yanzu ga ta tana kallon inda makwararar ruwa take tun tana yarinya, babu makwarara babu alamarta. Siminti ne shafe sumul tun daga jikin bango har gindin ayaba, sai sawun wata kaza da ta taka shi tun yana ɗanye.

"Wato shi ya sa ka damu da idona," in ji ta. "A kai makauniya asibiti, a yi aiki a bayanta."

"Haba Yaya. Alheri na yi wa gidan nan."

"Wa ka tambaya?"

"Gidan ubanmu ne, sai na nemi izini kafin in gyara shi?"

"Gidan ubanmu ne ranar da za ka kawo baƙi. Ranar da iska ta yaye kwanon kicin, gidan uban wa ne? Na kira ka, ka ce kana taro."

Auta ya duba agogo. Mutum ne da furfura ta fara fito masa, yana da ofis yana da direba, amma da zarar yayarsa ta ɗaga murya sai ya rasa inda zai sa hannuwansa. Ya ce gobe Manaja zai iso, shugabansu a wurin aiki, shi da matarsa da ƙannenta, a nan za su yi hutun zafi. Ya ce akwai maganar ƙarin girma a ofis, kuma ba zai sake yarda baƙo ya zagaya baya ya ga kwata tana kumfa ba. Bara ma wata baƙuwa ta zurma takalmi a ciki, aka yi ta ba da labarin a birni ana dariya.

"Kwata," ta maimaita. "Yau kuma kwata ta zama."

Ya juya ya nufi ƙofar gida, inda tankar ruwa take ta danna hon.

Mutanen yankin Ta Lambu suke ce mata, ƙannenta su ce Yaya, 'ya'yansu su ce Gwaggo. Ita ce ta fari a gidan. Uwarsu ta rasu Auta yana rarrafe, don haka a bayanta ya yi wayo, har yau kuma takan ce ƙugunta bai yafe masa ba. Ta yi aure ta zauna a birni da mijinta direban babbar mota, a ɗakin haya da ba a ganin ko ciyawa ta taga. Ya rasu, 'yarta guda ta yi aure nesa. Da ƙafafun mahaifinsu suka gaza, ƙannen suka haɗu suka yi shawara, suka gano cewa duk cikinsu Yaya ce ba ta da abin yi. Ta tattaro kayanta ta dawo. Ta yi jinyarsa har ya cika, ba a raba gidan ba, ita ma ba wanda ya ce mata ta tafi ko ta zauna. Su suna can suna cewa "gidanmu na ƙauye", ita tana nan tana share shi.

Gida ne mai doguwar baranda a ƙarshen wata hanya marar kwalta, kuma abin da ya sa ake sha'awarsa shi ne bayansa. Da ka zagaya za ka fara da kurmin ayaba, sannan jerin lemun tsami, sai gwaiba, can ƙarshe kusa da katanga kuma wani lemun zaƙi guda, wanda ita ta dasa da hannunta shekarar da ta dawo. Duk lokacin da ƙasar yankin ta bushe ta yi fari, wannan jerin yana nan kore shar, har masu wucewa suna leƙowa ta kan katanga.

Ba wani asiri ba ne. Mahaifinsu ne ya tsara abin tun suna yara. Ruwan wanka kaɗai, ban da na masai, yana fitowa ta ƙasan bango ya faɗa wani ɗan rami mai tsakuwa, ya ratsa gindin ayaba ta shanye sabulun, sannan ya bi makwarara mai ɓaraguzan bulo daga itace zuwa itace. A wancan zamanin gidan cike yake da mutane, rijiya kuma cike take da ruwa. Share makwararar kowace safiya aikin Auta ne, har yaran makaranta suka laƙaba masa Sarkin Kwata. Ya yi dambe a kan sunan ya fi a ƙirga. Ita ce take wanke masa gwiwa in ya dawo.

Daga baya rijiyar ta ja baya. In zafi ya kankama sai guga ya fito rabi ruwa rabi laka, da kyar ya ishi sha da girki. Ta Lambu takan yi wanka da rabin bokiti, tana tsaye a cikin baho, ta kwashi abin da ya taru ta kai wa shukar na'a-na'a. Ta taɓa roƙon Auta ya turo tankar ruwa saboda itatuwan. Dariya ya yi a waya.

"Yaya, a sayi ruwa a shayar da itace? Ki yi haƙuri, damina tana tafe."

Amma in baƙinsa ne za su zo, tankar takan riga su isowa. Ta cika babban tankin da ke kan ƙarfe, wanda yake ba banɗakunan baƙi ruwa, in ya ƙare kuma ta dawo. Ba a barin baƙo ba wanka. Ta Lambu ta lura da wannan tun shekarar farko, ba ta kuma faɗa wa kowa abin da ta lura da shi ba.

Daga nan ne ta yi suna a karɓar baƙi. Mutum bai gama sauke jaka ba za ta miƙa masa tawul. "Je ka watsa ruwa, ɗan nan, hanyar nan ƙura gare ta." Da tsakar rana ta kawo shayi mai citta, da zafinsa. Da la'asar ta ce ai bai kamata su koma birni ba su ga ƙarshen gona ba, can wajen dutse, ba nisa. Su dawo sharkaf da gumi, su tarar da sabon tawul a kan gado. A birni ana ta yabonta, wai ba a taɓa ganin mai kula da baƙo irinta ba.

Ita kuwa ba su dame ta da ƙauna ba. Su zubar da takalma a baranda kamar kasuwa, su tsinki gwaiba ɗanya su gatsa su yar, su yi barci har rana ta yi tsaka sannan su nemi ƙwai, su bi gida da waya a sama suna neman sabis. Kuma kowannensu sai ya tambaye ta, "Gwaggo, ba kya jin kaɗaici a nan?" Takan yi murmushi ta ce ta saba. Kunnenta yana can wajen banɗaki. Da ta ji shawa ta fara zuba, sai ta ɗauki fartanya ta zagaya baya, ta buɗe bakin wannan itace, ta toshe na wancan da laka, ta bi ruwan a hankali har ya kai lemun zaƙinta. Ta ƙanshin sabulu take gane mai wankan. Baƙon da yake daɗewa a banɗaki shi take ƙara wa nama.

Washegarin dawowarta daga birni Manaja ya iso. Dattijo ne mai tumbi da fara'a, ya gaishe ta har da rusunawa. Matarsa ta kawo mata sabon mayafi a leda, ta ce ta daɗe tana jin labarin Yaya. Ta Lambu ta karɓa ta yi godiya, bakinta kuma ya riga ta: "Ku shiga ku watsa ruwa." Sai da maganar ta fita ta tuna ruwan ba zai ƙara zuwa lambu ba.

Matar Manaja irin baƙuwar da take addu'ar samu ce duk shekara. Ta shiga banɗaki, ruwa ya yi ta zuba kamar ba za a fito ba. Ta Lambu ba ta san lokacin da ta ɗauki fartanya ba, sai ganin kanta ta yi a baya. Ta tsaya a kan simintin ba takalmi. Tana jin ruwan ta tafin ƙafarta, yana gudu a cikin bututu, yana wuce ayaba, yana wuce lemun tsami ɗaya bayan ɗaya, ba ya gaishe da kowa, har ya je ya faɗa rami a bayan katanga. Ta daɗe a tsaye. Da ta dawo kicin ta dire tukunya da ƙarfin da ya sa murfin ya yi tsalle.

Dabara ta fara yi, don ta san in baƙin suka tafi tankar ma ta tafi. Ta wanke manyan bahonta ta saka ɗaya a kowane banɗaki, daidai ƙasan shawa. Ta ce wa ƙannen matar Manaja su riƙa tsayawa a ciki, ita za ta zo ta kwashe. 'Yan matan suka ce to, suna ƙunshe dariya. Kafin azahar Auta ya fito da bahunan ya jere mata a ƙofar kicin.

"Yaya, so kike ki kashe ni? Matar shugabana za ki tsayar a baho kamar jaririya?"

"Kai a cikin me na yi maka wanka?"

"Wancan zamanin daban."

"Bahon dai shi ne. Ga lotsawar da ka yi masa da kai."

Matar Auta, wadda har yau Amarya take ce mata ko da yake 'ya'yanta sun kai makarantar sakandare, ta shigo tsakani tana ba da haƙuri. Ta raɗa mata cewa ita ma ba ta san da aikin simintin ba sai da aka gama. Ta Lambu ta kalle ta sama da ƙasa.

"Kazar da kika yanka min fa? Ita ma ba ta sani ba?"

Amarya ta sunkuyar da kai ta ɗauki tiren shayi.

Ayaba ce ta fara nunawa, ganyenta ya rataye kamar tsumma. Sai lemun tsami suka fara naɗe ganye da rana. Ta Lambu ta koma ɗiban ruwa daga famfon da ke gindin tanki, da sassafe kafin kowa ya tashi, bokiti bayan bokiti, ƙugunta yana ƙara. Ba ta so hakan ba, don ita ba ruwan wankan mutane take nema ba, saurarsa take nema. Kuma bokitin tsohuwa ina zai kai wa jerin itatuwa? Ta ba wannan, wancan yana kallonta.

Rannan da hantsi Manaja yana cikin wanka, ya saɓe jikinsa da sabulu tun daga kai, shawa ta yi tari ta ɗauke. Aka ji muryarsa daga ciki yana sallama kamar mai neman taimako a rijiya. Auta ya fito da gudu, ya ƙwanƙwasa tanki ya ji wayam, ya ga sawun bokiti ya nufi lambu. Da ruwan randar kicin aka ɗauraye Manaja, ana miƙa masa ta bakin ƙofa. Ya fito ido jajir yana dariya, yana cewa ai wannan shi ne hutun ƙauye. Auta bai yi dariya ba. Da tankar ta zo ta sake cika tanki, ya sa direbansa ya sayo kwaɗo, ya datse famfon gindin tankin, ya jefa makullin a aljihu a gabanta.

"Ni ka sa wa kwaɗo?"

"Famfo na sa wa."

"A gidan da nake kwana ina tashi? Auta, ni?"

"In sun tafi sai mu yi magana."

"In sun tafi da wa za ka yi maganar? Da itacen girki?"

Tun daga ranar ta daina cewa kowa ya watsa ruwa, amma ba su buƙaci tuni ba, zafin ya ishe su. Safe, rana, yamma, shawa tana zuba. Tana kwaɓa fulawa tana jin ta, tana yanka albasa tana jin ta. Ta dafa, ta share, ta wanke zannuwan gado da ruwan rijiya mai laka, ta tace ruwan wankin ta kai wa lemun zaƙi, ƙasa ta shanye shi kafin ta miƙe. Ganyensa ya fara zuba. Ta daina cin abinci sosai. Amarya ta ce ko jikin ne, ta ce jikinta lafiya lau, a tambayi masu kwaɗo.

Baƙin sun ɗauki al'adar karyawa a lambu, an fitar musu da tebur tsakanin ayaba da lemun tsami, dab da inda sabon simintin ya ƙare. Wata safiya ta kawo burodi da ƙwai, ta tarar matar Manaja ta tsuguna tana tsintar ƙananan lemun tsami da suka kaɗe tun ba su kai girman kan yatsa ba. Matar ta ɗago da tausayi a fuskarta, tsakaninta da Allah take magana.

"Yaya, lambun nan yana son ruwa fa. Ji yadda suke zubewa. Me ya sa ba kwa ɗan ba su ruwa? Ni a gida ko furen tukunya ba na bari ya kwana da ƙishi."

Gashinta a jiƙe yake, fitowarta ke nan daga wanka. A bayansu kuma an sake kunna shawa, ɗaya daga cikin ƙannenta ta shiga.

Ta Lambu ta ajiye tiren a hankali. Ta ce, "Gaskiyarki, Hajiya." Ta wuce ɗakin ajiya, ta ɗauko digar mahaifinsu da ke bayan ƙofa.

Sara na farko diga ta yi tsalle, kafaɗarta ta amsa. Na biyu simintin ya tsage. Ashe wanda Auta ya ba aikin bai zuba shi da kauri ba. Auta ya miƙe har kujerarsa ta faɗi.

"Yaya! Yaya, me kike yi haka?"

"Ban-ruwa. Hajiya ce ta ce a ba su."

"Ki ajiye digar nan!"

"Zo ka karɓa. In ka haifu, zo ka karɓa a gaban shugabanka."

Bai matso ba. Ta ci gaba da sara, ɗankwalinta ya zame, numfashinta yana fita da ƙara. Farin bututu ya bayyana. Ta daidaita bakin diga ta sauke masa. Ruwa ya yi tsartuwa ya jiƙa mata zani, fari da kumfa, yana ƙanshin sabulun birni. Ya tsaya jim kamar mai tunani, sannan ya gangara ta inda ya saba, ya bi ƙarƙashin teburin karyawa. Baƙi suka ɗaga ƙafafu. Silifas ɗin Manaja guda ya bi ruwan.

A nan ya kamata ta tsaya, ita ma daga baya ta san haka. Amma zuciya ta riga ta ɗebe ta, abin da ta haɗiye shekara da shekaru ya taso gaba ɗaya.

"Kwata ce, ku kalle ta da kyau! Ita ta ba ku inuwar da kuke zaune a ciki. Lemun da kuke matsawa a shayi ruwan wankan baƙin bara ne. Wannan da kuke gani da agogo, shi yake share ta da yana yaro, yau kunyarta yake ji. Ya fi son ya binne ruwa a rami da ya ba itacen ubansa."

"Yaya, don Allah," in ji Amarya.

"Ki bar ni! Ana ta cewa Yaya mai son baƙi, Yaya mai tawul. Kun zaci son ku nake yi? Wa zai so mutanen da za su zo su kwanta masa a gida, a dafa musu a wanke musu, su tashi su ce ba ya jin kaɗaici? Wankanku nake so! Ku yi wanka ku ba ni ruwana, shi ke nan abin da ke tsakaninmu!"

Matar Manaja ta buɗe hannu, ƙananan lemukan suka zube. Manaja ya yi gyaran murya, ya yi ƙoƙarin mayar da abin wasa.

"Ashe aikin ban-ruwa muka zo, ba mu sani ba. Da an faɗa mana ai da mun ƙara ƙwazo."

Ba wanda ya yi dariya. Ya duƙa ya ciro silifas ɗinsa daga gindin lemun tsami, ya karkaɗe, ya ce wa matarsa ya tuna akwai abin da ya baro a birni.

Kafin la'asar an gama loda motoci. Matar Manaja ta zo ƙofar kicin ta yi sallama, murya ƙasa ƙasa, ta ce a yafe musu ɗawainiya. Ta Lambu tana son ta ce mata ba da ita take ba, ita kam ma ta fi kowa amfani a gidan. Ta juya maganar a baki ta ji ba yadda za ta fito da kyau. Sai ta ce Allah ya kiyaye hanya. Sabon mayafin yana nan a ledarsa a kan buhun shinkafa, duk su biyun suka yi kamar ba su gan shi ba.

Auta ne ya zo ƙarshe. Bai shigo ba, a bakin ƙofa ya tsaya.

"Kin kyauta. Kin gama da ni a ofis."

"Kai ka fara gamawa da ni a gida."

"Ba zan sake kawo kowa gidan nan ba. Kin ji na rantse. Sai ki zauna da itatuwanki."

"Da can da wa nake zaune?"

Idonsa ya kai kan makwararar da ta buɗe, inda ɓaraguzan bulon da ya sani suka leƙo daga ƙarƙashin siminti. Ta zaci zai ce wani abu. Sai ya juya.

"Makullin fa?" ta ɗaga murya.

Ko waiwaye bai yi ba.

Amarya ta dawo da gudu kamar ta manta wani abu a kicin. Ta kama hannun Ta Lambu, inda diga ta tayar mata da bororo.

"Yaya, ki sa man shafawa a nan. Kuma... ƙannena sun daɗe suna son zuwa hutu. In na lallaɓa shi ya huce, zan turo su. Tankar ni zan ji da ita."

Ta Lambu ta zare hannunta. Ranta bai gama sanyi ba, kazar nan ma ba ta manta da ita ba.

"Suna wanka?"

"Yaya, ƙaramar har sai an buga mata ƙofa."

"To ki turo tankar ta riga su. Shi kuma ki ce masa kada ya turo min gaisuwa, ba ta jiƙa ƙasa."

Motocin suka tashi, ƙura ta bi su. Gidan ya koma shiru irin wanda ta sani, ga kofuna a kan tebur, ga tawul a jiƙe a kan igiya. Ta zagaya baya ta bi jerin. Ayaba za ta tashi, ba ta da zuciya. Lemun tsami sun zubar da 'ya'yan bana, amma da ransu. Ta isa ƙarshe wajen katanga, ta kankare bawon lemun zaƙinta da farce. Reshen sama ya bushe ƙayau. Ta sauko ƙasa ta sake kankarewa, nan ma haka. Sai can dab da gindi ta ga ɗan kore kaɗan, wanda ba za ta iya rantsewa a kansa ba. Ta ja tsaki mai tsawo, ta ambaci Auta da wata kalma da ba ta taɓa faɗa masa a gabansa ba.

Ta dawo gindin tanki ta ƙwanƙwasa shi da ƙotar fartanya. Ya fi rabi. Kwaɗon yana nan yana sheƙi a kan famfo. Ta kalle shi, ta kalli digar da ke jingine da bango, sai kuma ta kalli tagar banɗakin baƙi. Kwaɗon famfo ya datse, bai datse shawa ba.

Ta shiga banɗakin da ba ta taɓa shiga ba sai da tsintsiya. Matar Manaja ta manta guntun sabulunta a kan taga. Ta Lambu ta murɗa kan shawa, ruwa ya zubo mata a ka ba zato, ta yi baya tana masifa. Ta tsaya tana kallon yadda yake zuba a banza a kan tayil, hannunta har ƙaiƙayi yake ta kashe. Ta rage shi dai ya koma siriri, yadda zai kai mata kwanaki, ta fito da ɗankwali a jiƙe.

A baya ruwan ya riga ya fito ta fasasshen bututun, yana neman hanyar ayaba.

"Ke kin sha da safe," ta ce wa ayabar. "Yau daga ƙarshe za a fara."

Ta toshe bakin ayabar da laka, ta saɓa fartanya, ta bi gaban ruwan zuwa katanga tana share masa hanya.